Me ya sa abin da Preview ke jiyar da mutum a Audacity yake saɓa wa abin da ke fitowa bayan Apply?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masu aiki da Audacity, manhajar gyaran sauti. Mutum ne zai zaɓi muryar da aka ɗauka, ya buɗe Normalize (mai daidaita ƙarfin sauti) ko Compressor (kwamfiresa, mai danne wuraren da sauti ya yi ƙarfi), ya danna Preview don gwaji, ya ji abu ya zauna daidai. Da ya danna Apply ya saurara daga farko sai ya ji ƙarfin ba ɗaya ba ne, wani lokacin ma a tsakiyar fayil muryar ta shaƙe. Laifin manhajar ne ko na saiti? Kuma akwai yadda za a tsawaita gwajin? Ɗan abin da yake jiyarwa ya yi gajarta.

Injiniyan Sauti:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ba laifin manhaja ba ne, yadda aka gina maɓallin ne mutane ba su sani ba. Idan ka danna Preview, Audacity ba ya taɓa dukan abin da ka zaɓa. Sakan 6 na farko yake kwafa gefe, ya yi wa kwafin aiki, ya jiyar da kai, ya watsar. Duk abin da ke bayan sakan 6 ɗin nan bai ma san da shi ba.

To kayan gyaran sauti iri biyu ne a wannan fuskar. Akwai waɗanda ba ruwansu da sauran fayil: High-Pass Filter (mai yanke ƙananan mitocin sauti), Filter Curve EQ (mai ƙara ko rage mitoci), Bass and Treble. Abin da suka yi wa sakan na farko shi za su yi wa minti na talatin, don haka gwajinsu gaskiya yake faɗa. Akwai kuma masu fara aunawa kafin su yi aiki, su ne masu ruɗin. Normalize yana neman wuri mafi tsini a sautin da aka ba shi, ya lissafa nawa zai ɗaga. Ka ɗauka hira ce, gaisuwar farko tsininta -15 dB (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne, 0 ne iyakar sama), amma a minti na 12 baƙo ya tuntsire da dariya ta kai -4 dB. Ka ce a kai -1 dB. A gwaji, gaisuwar kawai ya gani, sai ya ɗaga da 14 dB. A Apply ya ga dariyar, sai ya ɗaga da 3 dB kacal. Tazarar 11 dB ke nan tsakanin abin da ka ji da abin da ka samu. Loudness Normalization ma haka, tsohon Compressor ma haka in an bar alamar Make-up gain, mai ɗaga ƙarfi bayan dannewa, a kunne.

Amplify ya fita daban. Shi tun lokacin da tagarsa ta buɗe ya riga ya auna dukan zaɓin, lambar da ka gani a akwatin sama ita zai yi amfani da ita a gwaji da kuma a aiki.

Tsawon gwajin ana canza shi a Edit, Preferences, Playback, wajen Effects Preview.

Sarkin Mikis:
Shi ke nan ai, magana ta ƙare. Ka mayar da shi sakan 30 ko minti guda ka huta.

Dattijon Situdiyo:
Ba ta ƙare ba ɗana. Ko ka mai da shi minti guda, dariyar tana minti na 12. Abin da ka ƙara wa kanka shi ne jira, domin sai ya gama sarrafa kwafin kafin ya fara jiyarwa, kuma a ƙaramar laftof Noise Reduction (mai rage hayaniya) na minti guda yana ɗaukar lokaci. Na biyu, kunne ba ya riƙe yanayin sauti da nisa. In gwajin farko ya ɗauki minti ɗaya, kafin ka juya saiti ka saurari na biyu ka manta yadda farkon na farko yake. Tsakanin sakan 6 zuwa 10 ya wadatar. Abin da ake canzawa shi ne wurin da ake ɗanɗanawa. Mai miyar da ta ɗebo daga saman tukunya ba ta gauraya ba, ba za ta san gishirin da ke ƙasa ba.

Mai Shirin Rediyo:
Gaskiyar Baba ce. Yadda ake yi a aikin murya: kafin ka buɗe kowane ifek, wato kayan gyaran sauti, ka bi fayil ɗin da ido ka sa alama da Ctrl+B a wurare uku. Inda mai magana ya fi ɗaga murya, inda ya fi yin ƙasa-ƙasa, da jimlar da ta cika da s da sh da ts kuma akwai numfashi a gabanta. Ka zaɓi wurin farko kaɗai, ka gwada saitin, ka rufe tagar ba tare da Apply ba, ka rubuta lambobin ko ka adana su a Presets. Ka je wuri na biyu ka gwada su, haka na uku. Sai saiti ya tsallake ukun za ka yi Ctrl+A ka danna Apply.

Game da shaƙewar da ya ambata kuma, aikin kwamfiresa ne. In an saita Threshold, wato layin da dannewa ke farawa, a kan gaisuwa mai sanyi, a ce -24 dB da Ratio (yawan dannewa) 4:1, gaisuwar da ƙyar take taɓa layin. Da muryar ta hau -8 dB, ta wuce layin da 16 dB, huɗu kawai za a bari, an danne 12 dB. Wannan dannewar ce kake ji kamar an toshe wa mutum baki. A magana, in dannewa ta wuce 6 dB a wuraren ɗaga murya na yau da kullum, ka ɗaga Threshold ko ka sauke Ratio zuwa 2:1 ko 3:1.

Wani abu kuma da ake mantawa: kada zaɓin gwajin ya fara a tsakiyar kalma. A gwaji kwamfiresa yana farawa ne daga hutu, bai san abin da ya gabata ba, alhali a cikin fayil yana iya kasancewa bai gama sakin dannewar kalmar baya ba. Ka fara zaɓin daga shirun da ke gaban jimla, sakan ɗaya ko biyu kafin wurin da kake son ji.

Ɗan Koyo:
Na gode Anti. To Noise Reduction fa? Shi a gwaji shuu ɗin yana tafiya tas, amma daga baya muryar tana fitowa kamar ana magana cikin ruwa.

Injiniyan Sauti:
A nan ba gwajin ne ya yi ƙarya ba, kunnenka ne ya tafi neman shuu ya manta da murya. Akwai zaɓi biyu a ƙasan tagar, Reduce da Residue. Mafi yawan mutane ba su taɓa danna na biyun ba, kuma shi ne mafi amfani a tagar gaba ɗaya. Residue yana jiyar da kai abin da za a cire, ba abin da zai rage ba. Ka zaɓe shi ka danna Preview. In shuu zalla kake ji, saitin ya yi. In kana tsinkayar kalmomi a ciki, har kana gane abin da ake faɗa, to naman muryar ake yanka. Ka sauke Sensitivity tukuna, sannan adadin dB. Kada ka manta ka koma Reduce kafin Apply, in ba haka ba hayaniyar za ka adana ka zubar da muryar.

Haruffan da suka fara mutuwa su ne h da f da s, saboda su kansu iska ce, a wajen lissafi sun yi kama da shuu. Shi ya sa jimlar da Hajiya Mai Shirin Rediyo ta ce a sa wa alama take da muhimmanci. Ka saurari kalma kamar "hasashe" ko "fassara" a gwajin.

Lambobi: ka fara da 6 zuwa 9 dB, Sensitivity wajen 6, Frequency smoothing 3 zuwa 6. In ka ga sai ka kai 18 ko 24 dB kafin abin ya saurru, matsalar a ɗauka take, kuma ƙarar nan mai kama da ruwa ko gwangwani ba makawa za ta fito. Ƙara smoothing yana rage ta, amma yana ɗan dusasar da murya.

Sannan samfurin hayaniyar, wato Get Noise Profile. Sakan ɗaya zuwa biyu na hayaniya tsagwaronta, ba numfashi, ba motsin kujera, ba wutsiyar kalma. Ka ɗaga ƙarar abin kunne ka saurari yankin kafin ka ɗauka. In numfashi ya shiga samfurin, manhajar za ta ɗauki duk numfashi da duk h a matsayin abin gaba. Kuma samfurin ba ya zama bayan an rufe Audacity, sai an sake ɗauka.

Masu Adobe Audition, abu ɗaya ne: Shift+P na ɗaukar samfuri, akwatin Output Noise Only shi ne Residue ɗinku.

Na Bayan Fage:
Bari in ƙara abin da ya shafe mu a nan. Gurnanin wuta ba aikin Noise Reduction ba ne da farko. Wutar Najeriya da ta Nijar a 50 Hz take, wato zagaye 50 a sakan, gurnanin yana fitowa a 50, 100, 150, 200 da sauransu. In ka bi bidiyon koyarwa na Amurka za ka ga suna yanke 60 Hz da 120 Hz, ka kwafa ka ji ba abin da ya canza. Ka zaɓi shiru, ka shiga Analyze, Plot Spectrum, ka ɗaga Size zuwa 16384 ko sama, ka sa Axis a Log frequency. A sautin da aka ɗauka a 44100 Hz, Size 16384 yana bambance tazarar kusan 2.7 Hz, ya isa ka ga tsinin. Sai Notch Filter, mai yanke mita guda, a kan kowane tsini.

Faɗin yankan shi ne mitar a raba da Q, lambar da ake saitawa a tagar Notch Filter. Q 10 a 50 Hz faɗin 5 Hz ne. Q 1 a 150 Hz faɗin 150 Hz ne, ka kwashe gindin muryar namiji gaba ɗaya, tunda ita tana zaune tsakanin 85 da 180 Hz.

Inda gwaji ke yaudara shi ne in da janareta aka yi ɗaukar. Ƙaramin janareta sai ya juya sau 3000 a minti yake ba da 50 Hz, kuma da firij ko famfon ruwa ya tashi sai juyin ya sauka. Gurnanin da ke 50 a farkon fayil yana iya komawa 48 a tsakiya. Kaucewar 2 Hz a ƙasa ta zama 6 Hz a wajen 150, ta zama 10 Hz a wajen 250. Siririn yankan da ya kashe shi a sakan 6 na farko zai wuce ta gefensa a minti na 20. Dole a gwada a farko, a tsakiya, a ƙarshe. In yana yawo, High-Pass Filter a 80 Hz da Roll-off 24 dB ya fi amfani ga na ƙasan, sauran kuma a faɗaɗa yankan kaɗan.

Sarkin Mikis:
Ni duk wannan wahalar ce ban gane ba. Shekara nawa ana aiki a FL Studio da Reaper, ka ɗora ifek a mikisa, sauti yana tafiya kana juya maɓalli kana ji nan take. Ko Ocenaudio da yake kyauta, wanda aka yi a Burazil, gwajinsa kai tsaye ne. Audacity ma ai tun sigar 3.2 ta 2022 ya kawo wannan. Ka danna Effects a jikin tirak, wato layin sautin, ko harafin E, Add effect, shi ke nan. Sigar 3.3 ta sa Reverb, Bass and Treble, Distortion, Phaser da Wahwah suna aiki a haka, 3.6 ta 2024 ta kawo sabon Compressor da Limiter da kuma Master Effects na dukan aikin. Ba a taɓa asalin sautin, a wajen Export ake haɗawa. Wa zai zauna yana Preview, Stop, Preview?

Mai Shirin Rediyo:
Wanda yake buƙatar Noise Reduction, Malam. Shi ba ya cikin masu aiki kai tsaye, haka Normalize, haka Loudness Normalization, haka Change Tempo. Aikin hira da karatu rabinsa a kan waɗannan yake. Amma a kwamfiresa na yarda da kai ɗari bisa ɗari: sabon yana zana maka dannewar a jadawali yayin da sauti ke tafiya, ka zaɓi yanki, ka mai da shi madauki, ka danna L ya yi ta zagayawa kana saiti. Ya fi tsohuwar hanya nesa ba kusa ba.

Dattijon Situdiyo:
Hanyar kai tsaye tana da nata tarkon, kuma ya fi na Preview haɗari domin mutum yana jin kamar ya kwatanta. Kana kunna maɓallin wutar ifek kana kashewa, kana cewa kunnawa ta fi daɗi. Sau tari ba daɗi ta fi ba, ƙarfi ta fi. Tun 1933 Fletcher da Munson na Bell Labs suka auna cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin ƙananan mitoci da manya sosai in sauti ya yi ƙasa. Da an ɗaga sai bas da tirebul su bayyana. Ƙarin 1 dB kawai ya isa mutum ya rantse cewa sauti ya cika. Duk wanda ya ɗaga 3 kHz da 4 dB ya ƙara ƙarfi, duk wanda ya sa Make-up gain ya ƙara ƙarfi.

Maganin: ka sauke Output na ifek ɗin har ma'aunin ƙarfi ya nuna kusan abu ɗaya a kunne da a kashe, sannan ka yi hukunci. In ifek ɗin ba shi da Output, ga hanya mai tabbas. Ka zaɓi sakan 20, Ctrl+D ya kwafo shi a sabon tirak, ka sake kwafowa su zama biyu. Ka yi wa ɗaya aiki, ka bar ɗaya. Ka ba kowanne Loudness Normalization zuwa lamba ɗaya, a ce -16 LUFS (ma'aunin ƙarfin da kunne ke ji) da Apple ke so ga podkas, ko -23 LUFS na ƙa'idar EBU R128 ta gidajen rediyo da talabijin na Turai. Sai ka riƙa sauyawa da Solo, maɓallin jin tirak ɗaya kaɗai. Abubuwa da yawa da ake taƙama da su, in an daidaita ƙarfi, sai a ga na asalin ya fi.

Na Bayan Fage:
A kan wannan kwafin Baba akwai wata dabara. Bayan ka yi wa ɗaya aiki, kafin daidaita ƙarfi, ka yi masa Invert, wato kifar da igiyar sautin, ka kunna su tare. Duk abin da suka yi tarayya a kai zai kashe juna, bambancin kaɗai zai rage. Residue ke nan ga kowane ifek. Masu Reaper suna da shi a shirye, Delta solo a kan ƙaramin maɓallin Wet.

Injiniyan Sauti:
Da sharaɗi dai. Tana aiki ne in ifek ɗin bai gusar da sauti a lokaci ba. De-esser, Noise Gate, Limiter, Click Removal, ana samun amsa mai ma'ana. Filter Curve EQ ma haka, domin ba ya karkatar da lokacin mitoci. Amma High-Pass Filter da Notch Filter suna jinkirta mitocin da ke kusa da wurin yanka, sai ka ji murya da yawa a cikin bambancin ka ɗauka an cire ta, alhali gusawa kawai ta yi. Kada wani ya jefar da saiti mai kyau saboda wannan.

Sarkin Mikis:
To na ji. Amma ku faɗa masa batun katsewa, don shi zai fara cin karo da shi. In ka jera ifek huɗu ko biyar kai tsaye a laftof mai RAM 4 GB, sauti zai riƙa ƙas-ƙas yana tsalle. Wannan ba ya cikin fayil, kwamfutar ce ba ta cim ma lissafin. A Audio Settings ka ɗaga Buffer length, asalinsa 100 ms ne, ka kai shi 200. Ka jona caja, don Windows yana rage gudun injin in ana kan batir. In ka gama da tirak ka yi masa Mix and Render ya sauke nauyi, amma ka ajiye kwafin asali a Mute tukuna. Kuma jerin daga sama zuwa ƙasa yake aiki: EQ a saman kwamfiresa daban yake da EQ a ƙasansa. In bas ɗin da za a yanke ya riga shiga kwamfiresa, shi zai riƙa tayar da dannewa.

Ɗan Koyo:
Allah ya saka. Saura Reverb da Echo. A gwaji amsa-kuwwar tana yankewa kwatsam a ƙarshe.

Mai Shirin Rediyo:
A gwaji dole ta yanke, sakan 6 sun cika. Abin lura shi ne bayan Apply ma za ta yanke in zaɓinka ya tsaya a kan kalmar ƙarshe, domin waɗannan biyun ba sa tsawaita zaɓi. Ka sa shiru na sakan 2 zuwa 3 a ƙarshe da Generate, Silence, ka haɗa shi cikin zaɓin. In wutsiyar kake son gwadawa, ka fara zaɓin sakan 3 kafin maganar ta ƙare, yadda rabin gwajin zai zama wutsiya. A Echo kuma Decay factor ya zauna ƙasa da 1. Daga 1 zuwa sama amsar ba ta mutuwa, taruwa take yi har ta fashe.

Na Bayan Fage:
Ba wanda ya taɓo abin da ake sauraro da shi. Lasifikar laftof ko ta waya ba ta fitar da 50 Hz ko 80 Hz, don haka in da ita kake gwada High-Pass ba abin da za ka ji ya canza, sai wanda ya saurara a mota ya ji gurnani. Abin kunne mai waya wanda ke rufe kunne, shi ake gyara da shi. Na Bluetooth yana jinkiri, sau da yawa sama da 100 ms, kuma yana matse sautin kafin ya iso. Sannan ka shiga saitin sauti na Windows ka kashe Audio enhancements. Wasu laftof suna zuwa da manhajar ƙara bas da daidaita ƙarfi a kunne, kana gwada kwamfiresa ta cikin wani kwamfiresan da ba ka sani ba.

Amma bayan an gama, gwajin ƙarshe a waya ake yi, tunda mafi yawan masu sauraron wa'azi da waƙa da shirye-shiryen Hausa a can za su ji, sau da yawa bayan fayil ya bi ta WhatsApp. Ka yi Export na sakan 30 a irin MP3 ɗin da za ka fitar, ka tura wa kanka, ka saurara a lasifikar waya. Reverb mai faɗin sitiriyo yakan rame in ya koma lasifika ɗaya. Ana iya jin hakan tun a Audacity: ka kwafi tirak, Tracks, Mix, Mix Stereo Down to Mono.

Injiniyan Sauti:
Ƙari ɗaya kan fashewa. Audacity a ciki da 32-bit float yake aiki, sauti yana iya wuce 0 dB bai lalace ba. In ka ji ƙarar fashewa a gwajin EQ, wataƙila a katin sauti ne kawai ya fashe, Amplify da lamba mai ragi zai dawo da shi lafiya. Amma in ka fitar da shi WAV 16-bit ko MP3 a haka, yankewar ta tabbata. Ka kunna Show Clipping in Waveform a View, jan layi zai nuna maka wuraren. Kuma Ctrl+Z yana aiki ne muddin aikin yana buɗe. Da ka rufe fayil ɗin aup3 tarihin ya tafi, abin da aka yi wa Apply ya zauna.

Ɗan Koyo:
Na fahimta Malam. Yanka fa, akwai yadda za a ji kafin a goge? Kamar cire tari daga tsakiyar jimla.

Mai Shirin Rediyo:
Akwai. Ka zaɓi abin da za ka cire ka danna C. Zai jiyar da kai sakan 2 kafin wurin da sakan 1 bayansa a haɗe, kamar an riga an yanke. Tsawonsu yana nan shafin Playback ɗin da Malam Injiniya ya nuna, wajen Cut Preview. In ka ji ɗan ƙas a mahaɗar, ka danna Z ya gyara gefunan zaɓin zuwa inda igiyar sautin ta ratsa sifili, ka sake danna C. A tirak na sitiriyo Z ba ya dacewa da hagu da dama a lokaci guda kullum, to a nan sai ka matsar da gefen zaɓin cikin shirun da ke gaban numfashi, ka bar numfashin a jikin jimlar da ke biye.